Akwatin Haɗa Murya

A wurin biki, ko taron siyasa, ko wasan makaɗa, idon jama'a yana kan mai magana ne da mai waƙa. Ba safai akan lura da mutumin da ke zaune can gefe a bayan tebur, da wani akwati shimfiɗe a gabansa ba. Akwatin nan faffaɗa ne, ba shi da zurfi, fuskarsa kuwa cike take da 'yan ƙananan kawuna masu launi iri iri, jere reras kamar shuka a kan kunya. Masu sana'ar suna kiransa miksa, watau na'urar haɗa murya, kuma duk muryar da ta fito daga bakin lasifika sai da ta ratsa ta cikinsa tukuna. Wanda bai saba ba, in ya leƙa ya ga kawunan nan sun fi ɗari, sai gabansa ya faɗi, ya ce wannan aiki sai wanda ya yi karatu a Ingila. Alhali kuwa abin da ke fuskar akwatin layi ɗaya ne tak, daga sama zuwa ƙasa, aka yi ta maimaita shi, sau 8, ko 16, ko 24. Kowane makirufo yana da layinsa. Mai waƙa irin marigayi Ɗan Maraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa, layi biyu sun ishe shi. Mai tafe da 'yan amshi da masu kalangu, irin marigayi Mamman Shata, sai an ba shi layuka da dama.

Akwai wani dattijo a wani gari na ƙasar Zazzau, asalin sana'arsa gyaran rediyo, daga baya ya koma ba da hayar lasifika. In aka kawo masa yaro koyon aiki, ran farko yakan ɗauko tsumma ya rufe fuskar akwatin duka, ya bar layi ɗaya kaɗai a buɗe, ya ce, "Yaro, wannan za ka koya. Sauran 'yan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya." Sa'an nan ya kwatanta masa da lambu. Murya ita ce ruwa. Jigo yana ɗebo shi daga rijiya, ya zuba a bakin magudana, ruwa ya gangara, a rarraba shi nan da can, har ya isa fangali. Haka murya ke shiga ta saman layi ta gangaro ƙasa, kowane mamurɗi, watau ɗan kan nan da ake murɗawa, ya yi mata aikinsa, ya miƙa wa na ƙasa da shi.

A can saman layi akwai ramin da ake cusa wayar makirufo, mai 'yan ƙofofi uku a ciki. Kusa da shi akwai wani ramin, na abin da ya riga ya zo da ƙarfinsa, kamar rediyo ko wayar hannu. Daga nan sai mamurɗi na fari, wanda Turawa ke ce wa gen. Shi ne jigon lambun, kuma a kansa dattijon ke ajiye yaro mako guda cur kafin ya yarda ya taɓa wani abu.

Ga dalili. Aikin makirufo shi ne ya mai da motsin iska lantarki, amma lantarkin nan ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Batirin tocila guda yana da bolt ɗaya da rabi. Makirufo kuwa, in ana magana a bakinsa, abin da yake bayarwa bai wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na bolt ɗaya ba, ga shi kuwa akwatin ba ya aiki sosai sai lantarkin ya kai wajen bolt guda. To, gen shi ne mai ninka shi, yana iya ninkawa har sau dubu. Ma'aunin wannan ninki sunansa desibel, an samo sunan daga Alexander Graham Bell, wanda aka ba shaidar ƙago tarho a 1876. Lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne: ƙarin desibel 6 ninki biyu ne na lantarkin, 20 ninki goma, 60 kuwa ninki dubu.

In aka bar gen ƙasa ainun, murya takan shiga siririya. Sai an je gaba a yi ta ƙoƙarin ɗaga ta, a ɗago har da wani huci da kowace na'ura ke yi a cikinta, jama'a su riƙa jin shuuu a ƙarƙashin magana kamar ana zuba gero a ƙwarya. In kuma aka murɗa shi fiye da kima, abin ya fi muni. Akwatin yana da iyakar lantarkin da zai iya ɗauka, abin da ya wuce nan sai ya datse shi, murya ta fashe, ta riƙa karkarwa kamar ganga mai yagaggiyar fata. Akwai 'yar jar fitila a kan layin wadda ke ƙyaftawa in an kusa wannan iyaka. Abin da ya fi wuyar shiga kan masu koyo shi ne, muryar da ta fashe a nan ta fashe ke nan, babu mamurɗin da zai ɗinke ta a ƙasa. Ko an rage ƙarar daga baya, fasasshiyar murya ce dai ke fita a hankali. Har wa yau kuma, irin wannan murya in ta daɗe tana bugun lasifika da ƙarfi, takan ƙone ƙananan nan masu fitar da siririn sauti, mai kaya ya tashi da asara.

Yadda ake saita shi ba wuya. A sa mai waƙa ya yi waƙa, a danna wani ɗan maɓalli da aka rubuta wa haruffa uku, PFL, wanda ke kai wannan layi shi kaɗai ga fitilun awo da abin saƙalawa a kunne, sa'an nan a yi ta murɗa gen a hankali har korayen fitilu su hau zuwa wajen sifiri, jar kuwa ta yi shiru. Sai dai akwai wata dabara da ba a rubuta a jikin na'ura ba. Ɗan Adam in aka ce ya gwada makirufo yakan ji kunya, ya ce "ɗaya, biyu" ƙasa ƙasa, amma da ya ga taro ya cika, kiɗa ya ɗau zafi, sai ya saki murya iyakar ƙarfinsa. Don haka dattijon ba ya yarda da gwajin ɗaya biyu. Yakan ce wa mawaƙi, "Ranka ya daɗe, yi mini kamar an riga an fara liƙi." Duk da haka yakan ɗan rage kaɗan, ya bar wa murya sarari.

Ƙarƙashin gen ko gefensa akwai 'yan maɓallai biyu ko uku. Ɗaya yana rage ƙarfin abin da ke shigowa da desibel 20, a wasu na'urorin 26, domin abu mai tsananin ƙara kamar kalangu in an kusantar masa da makirufo. Wani an rubuta masa 48, watau bolt 48 da akwatin ke turawa ta cikin waya zuwa ga irin makirufon gidan rediyo, wanda ba ya aiki sai da wuta. Kamfanin Neumann na Jamus ne ya fito da wannan tsari a 1966. Makirufon hannu irin na taro, kamar Shure SM58 wanda shi ma a 1966 ya fito, ba ya bukatarta. Ba a danna wannan maɓalli sai an rufe layi, gama yakan sa lasifika ta yi wata irin bugawa mai firgitarwa.

Kafin a gane abin da ke biye, sai mai karatu ya san cewa sauti kaɗawar iska ne. In iska ta kaɗa sau kaɗan a cikin sakan guda, sauti ya fito da kauri, kamar na tambari. In ta kaɗa sau da yawa, ya fito siriri, kamar kukan gyare. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga kaɗawa 20 har zuwa wajen 20,000 a sakan, yana kuwa raguwa daga sama da tsufa. To, maɓalli na uku aikinsa shi ne ya zubar da duk abin da ke ƙasa da kaɗawa 75, ko 80, ko 100, gwargwadon ƙirar akwatin. Ɗan abin da ke can na maganar mutum bai taka kara ya karya ba, abin da ya cika wurin shi ne rugugin janareta, da takun ƙafa a kan dandamali, da iska tana bugun kan makirufo. A kowane layi na murya dattijon yakan danna shi tun kafin a fara, ya manta da shi.

Daga nan sai mamurɗai uku ko huɗu masu gyaran launin murya, waɗanda ake kira ikwalaiza. Na sama yana kula da siririn sauti, wajen kaɗawa 10,000 ko 12,000. Na ƙasa yana kula da kauri, wajen 80 ko 100. Na tsakiya kuwa shi ke riƙe da inda yawancin magana take. Kowannensu in yana tsaye tsakiya bai taɓa kome ba, dama ƙari, hagu ragi, kowane gefe wajen desibel 15.

A nan ne samari suka fi ɓata aiki. Suna son kauri, suna so a ji ƙirji yana girgiza, sai su murɗe na ƙasa har iyaka, su kuma yi murna wai kayansu ya fi na kowa ƙarfi. Ba su san abin da suke binnewa ba. Kaurin muryar namiji yana tsakanin kaɗawa 85 da 180, na mace ya ɗan fi haka sama, amma abin da ke raba kalma da kalma yana can sama nesa, daga wajen 2,000 zuwa gaba. Abin da ya bambanta sara da shara da tsara ɗan siririn huci ne a farkon kalmar, in kauri ya danne shi sai kalmomin uku su zama ɗaya a kunnen mai saurare. Wanda ya yi zamani da tsohon tarho na waya ya san wannan, gama shi daga kaɗawa 300 zuwa 3,400 kaɗai yake ɗauka, shi ya sa baƙon suna sai an maimaita shi sau biyu sau uku. Ka'idar dattijon ita ce ragi ya fi ƙari. In murya ta yi duhu, maimakon ya ƙara mata siriri, sai ya rage mata kauri, ta washe da kanta.

Wasu akwatunan suna da mamurɗi biyu a tsakiya, ɗaya na zaɓen wurin da za a taɓa, ɗaya na ƙari ko ragi. Amfaninsa yana da ban sha'awa. In murya tana fita ta hanci, ko tana amo kamar daga cikin tulu, sai a ƙara da gangan, a yi ta juya na zaɓen a hankali har munin ya fito fili sosai, kamar yadda maɗori ke lalubar ƙafa yana dannawa har ya sami inda mai karaya ya yi ƙara. Da an sami wurin sai a juya zuwa ragi.

Ƙasa da waɗannan akwai mamurɗan rabo, kamar 'yan ƙananan magudanai da mai lambu ke ɓallewa daga babbar. Da su ake ɗibar murya a aika wani wuri dabam. Mafi amfani a ciki shi ne wanda ke kai wa 'yar lasifikar da ake ajiyewa a gaban mawaƙi tana fuskantarsa, don ya ji kansa, gama mawaƙin da ba ya jin muryarsa sai ya yi ta ihu har ta dushe. Wannan rabo akan ɗebe shi ne tun kafin murya ta kai ƙofar ƙarshe ta layin, don kada abin da aka rage wa jama'a ya rage masa. Wani rabon kuma yana kai wa na'urar amsa-kuwwa, shi kuwa bayan ƙofar ake ɗibarsa, don in an rufe murya amsawarta ma ta rufe. Amsa-kuwwa gishiri ce, 'yar kaɗan takan daɗaɗa waƙa. Amma an wayi gari mai sanarwa a wurin biki ma sai ya sa an buɗe masa ita, ya faɗi kalma ɗaya ta dawo sau huɗu, a tashi ba wanda ya san ko ƙarfe nawa ne ɗaurin aure.

Sai mamurɗin hagu da dama, mai karkata murya zuwa lasifikar wannan gefe ko ta wancan. Masu shirya fim ɗin Fantasia na kamfanin Disney a Amurka, wanda ya fito a 1940, suna cikin waɗanda suka fara aiki da irinsa. A ɗakin ɗaukar waƙa yana da daraja, amma a fili inda rabin jama'a ke kusa da lasifika ɗaya, rabi kusa da ɗayar, a bar shi tsakiya shi ne adalci. Kusa da shi akwai maɓallin da ke toshe layi ɗungum, mai amfani ƙwarai sa'ad da babban baƙo ya manta makirufo na hannunsa ya shiga raɗa da na kusa da shi.

A can ƙasan layi ne ƙofar ƙarshe take, wadda ake kira feda. Ita ba a murɗa ta, turawa ake yi sama, a jawo ƙasa. Lambobin da ke gefenta sukan ruɗa baƙo, domin sifiri ba a ƙasa yake ba, yana can sama, wajen kashi uku cikin huɗu na tsawonta. Ma'anar sifirin nan ita ce ba ƙari ba ragi, murya ta wuce yadda ta iso. Sama da shi akwai ɗan ƙari, yawanci desibel 10. A ƙasa ƙurmus kuwa akwai wata alama kamar 8 a kwance, nan ne shiru. Wanda ya duba da kyau zai ga lambobin suna da tazara a kusa da sifiri, amma suna matsewa in an yi ƙasa. Saboda haka a kusa da sifiri ɗan yatsa yana iya yin gyara mai laushi, a ƙasa kuwa motsi kaɗan sai murya ta yi tsalle. In aka ga mai aiki fedarsa tana kusa da ƙasa, jar fitila tana ƙyaftawa a sama, to, gen ɗinsa ya yi yawa, ya cika magudana ya zo yana tare ruwa da tafin hannu.

Wata rana dattijon ya kai kaya wurin bikin wani gida, aka gayyato wani tsohon mawaƙi wanda muryarsa ta fara rauni, da 'yan amshi huɗu da masu kalangu uku. Abin da masu biki suka biya kuɗi su ji shi ne sunayen iyayensu da kakanninsu, waɗanda tsohon ya haddace tun yana saurayi. Aka fara, na baya suka ce ba sa jin kome sai kiɗa. Wan ango ya taso da fushi ya ce, "Baba, a ƙara masa murya mana! Kuɗi fa muka biya." Yaro ya kai hannu zai tura feda. Dattijon ya riƙe hannun, ya ce, "Alhaji, yi mini haƙurin minti ɗaya."

Abin da ya hana shi turawa shi ne kukan nan mai huda kunne da kowa ya sani. Murya takan fita daga lasifika ta koma cikin makirufo, a ƙara mata ƙarfi ta sake fita, ta sake komawa, cikin ƙiftawar ido ta zama ihu. Ya riga ya ji alamarsa, wani ɗan amo yana bin bayan kowace kalma, ya san ƙari kaɗan zai tashe shi. Sai ya jawo layukan kalangu ƙasa da wajen desibel 6, ya ɗan rage 'yan amshi, ya rage kauri a layin tsohon. Sa'an nan ya aiki yaro ya je ya durƙusa ya roƙi mawaƙin ya matso da makirufo kusa da bakinsa, gama in aka rage nisan baki da makirufo da rabi, an sami ƙarin wajen desibel 6 kyauta, ba tare da an taɓa kome a akwati ba. Ƙarar wurin gaba ɗaya ta ragu, amma sunaye suka fito ɗaya ɗaya, har wata tsohuwa daga can baya ta rangaɗa guɗa da ta ji an ambaci mahaifinta. Wan ango ya koma mazauninsa yana cewa ai ga shi da aka ƙara an ji. Dattijon bai gyara masa ba.

Yana da wani dalilin kuma na ƙin yawan ƙara, shi ne kunnensa na hagu, wanda shekarun zama kusa da lasifika suka kusa kashewa. Masu binciken lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙayyade cewa ƙara mai desibel 85 kada a zauna cikinta fiye da awa 8 a yini, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Bisa wannan lissafi, desibel 100 minti 15 ke nan. Jin da ƙara ta kashe kuwa ba ya dawowa. Abin tausayi, yara ƙanana su ne suka fi son tsayawa dab da bakin lasifika.

Akwatunan zamani masu aiki da kwamfuta a ciki, irin wanda Yamaha ta fitar a 1987, ko Behringer X32 na 2012, ba su da kawuna da yawa haka. Mamurɗan layi ɗaya kaɗai aka sa, sai a danna maɓallin layin da ake so, su zama nasa. Kamar dai tsumman dattijon ne maƙera suka gina a cikin na'urar. Gen yana nan, ikwalaiza tana nan, rabo da feda suna nan, kuma jerin da murya ke bi bai sāke ba.

In taro ya watse akwai tsarin rufewa. Amfilifaya, watau na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, ita ake fara kashewa, kamar yadda ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, don bugun da akwatin ke yi sa'ad da wuta ta shiga ko ta fita kada ya isa lasifika. Sa'an nan a jawo kowace feda ƙasa, a mai da gen hagu, a tsai da mamurɗan ikwalaiza tsakiya, don mai aikin gobe ya tarar da layuka a share. Daga ƙarshe a lulluɓe akwatin da zane mai kauri, musamman da hunturu, gama ƙura in ta shiga tsagar feda sai ta riƙa ƙarar-ƙarar duk sa'ad da aka motsa ta, wankinta kuwa sai an kwance akwatin duka.